Ranar da Na Yi Kiran Suna a Layin Zaɓe

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da wannan kan nawa da ya fara rikita sunayen jikoki ya zubar da sauran abin da ke cikinsa, da aikin da na yi wa wani mai neman takarar gwamna a zamanin zaɓen ƙato bayan ƙato. 'Yan yanzu ba su san wannan zaɓe ba, don haka bari in yi bayani a matsayina na tsohon ma'aikaci. Ba akwati, ba dangwala yatsa, ba labule. Za a ɗaga hoton ɗan takara, mai sonsa ya je ya tsaya a bayan hoton da rana tsaka, kowa yana kallon kowa, malamin zaɓe ya bi layi yana taɓa kafaɗa yana ƙirgawa. Shi ke nan. In ka yi wa mutum alkawari ka saɓa, ba sai an kai masa labari ba.

A lokacin ina zaune a wani ƙauye kusa da Kwanar Dangora. Da damina in yi noma, in aikin gona ya yi sauƙi in kafa tebur a bakin tasha ina rubuta wa mutane wasiƙa. Karatuna ya tsaya a aji biyar na firamare (aji biyar ɗin da, ku lura, ba irin na yanzu ba), kuma kullum akwai biro uku a aljihun gaban rigata, biyu daga ciki ba sa rubutu. Wannan ya isa a riƙa ce mini Malam, ni kuma ban taɓa hana kowa ba.

Masu neman tikitin gwamna a jam'iyyarmu suna da yawa, amma a yankinmu mutum biyu ake magana: wani attajirin birni da muke ce wa Mai Gida, da wani da ake ce wa Lauya. Jagoran kamfen ɗin Mai Gida tun daga Bebeji har ƙasar Doguwa shi ne Alhaji Tanko, dillalin hatsi, mutum mai ƙaramar murya da babban tumbi. Wata rana da hantsi ya tsaya a gaban teburina.

"Malam, ka san abin da ake ce wa jin ra'ayin jama'a?"

Ban taɓa jin sa ba. Na ce, "Haba Alhaji, ai shi muka fi yi a aji biyar."

Ya dube ni ta saman tabarau, sannan ya yi bayani duk da haka. Wai Mai Gida ya je ƙasashen waje ya ga yadda ake yi: kafin zaɓe ana bin mutane ɗaya-ɗaya ana tambayarsu wa za su zaɓa, a rubuta, don ɗan takara ya san inda yake da ƙarfi da inda yake da rauni. Ranar zaɓen fid da gwani kuma yana so ya je da kansa mazaɓar da ta fi ƙarfi, a ɗauke shi hoto tare da dogon layinsa, a kai wa 'yan jarida.

"In aikinka ya fito daidai," in ji Alhaji Tanko, "akwai kujerar akawu a sakatariyar ƙaramar hukuma. Da bakinsa ya faɗa."

Akawu! Tebur mai aljihu, fanka a sama, masinja yana kawo maka ruwa. Ni da nake rubuta wasiƙa hayaƙin tirela yana shiga mini hanci. A take na ji fartanya ta fita daga raina.

Aka ba ni babur mai fostar Mai Gida gaba da baya, da hula mai hotonsa a goshi, da babban littafi mai baƙin bango. Alhaji ya ja mini kunne a kan abu ɗaya: "Cikakken suna nake so, suna da sunan uba. Kada ka cika mini littafi da Baba da Kawu." Na sa rula na raba kowane shafi gida biyu. A dama na rubuta NAMU, a hagu na rubuta BA NAMU BA. Na tsaya ina kallon shafin ina jinjina wa kaina.

Ga yadda nake aikin, don masu neman ilimi su amfana. Lokacin kaka ne, an yanke gero, dawa tana kan nuna, gidaje akwai abinci. Sai in daidaici azahar in tsayar da babur a ƙofar zauren babban mutum, in juya shi yadda fosta za ta fuskanci ƙofa. In yi sallama, in cire takalmi, a yi ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya amfanin gona, yaya mutanen Kwana. A kawo ruwa, a kawo fura, wani wurin har dambu. Sai na sha na ƙoshi na yi hamdala, sannan in gyara hula in buɗe littafi.

A Badafi na fara, gidan wani dattijo mai farin gemu. Na ce, "Baba, ranar zaɓen fid da gwani bayan wa za ka tsaya?"

Ya dubi babur. Ya dubi hulata. Ya dubi ƙwaryar furar da na share.

"Ɗan nan, wanda ya tako tun daga Kwana ya zo har zaurena, ai ba a ba shi kunya."

Na rubuta shi a dama. Na tambayi sunayen 'ya'yansa maza da ƙannensa, su ma na jera su a ƙarƙashinsa, tunda ba a raba gida.

Haka a Kiru, haka a Bebeji. Wani ya ce muna tare, wani ya ce Allah ya ba da sa'a, wani ya ce ai zuwanka ma ya isa. Duk dama. A bakin dajin Falgore na bi wata hanyar shanu har wata ruga, Arɗo ya sa aka kawo mini kindirmo mai kauri kamar a yanka da wuƙa. Da na yi masa tambayar sai ya ce, "Malam, kai ka ga takarda, mu shanu muka gani. Inda ka ga ya dace." Na ga dama ta dace. (Daga baya na ji ko katin jam'iyya ba shi da shi, kuma kafin ranar zaɓe ya riga ya yi kudu da garkensa.)

Mutum ɗaya ne kaf ya ce mini a'a, wani tela a kasuwar Tudun Wada. Shi a shago na same shi, ba zaure, ba fura. Ko ɗaga kai bai yi daga keken ɗinki ba ya ce, "Lauya." Na rubuta shi a hagu, amma sai na ga ya ɓata mini shafi. Na ja benci na zauna ina yi masa bayani tun azahar har aka kira la'asar. Ƙarshe ya dafe kai ya ce, "Malam, don girman Allah rubuta ni inda ka ga dama, ka bar ni in gama wandon mutane." Na sa reza na kankare sunansa a hagu, na mayar da shi dama. A ganina wannan shi ne aiki da ilimi.

Ƙauyenmu na bari a ƙarshe, a ƙauyenmu kuma gidan surukina na bari a ƙarshe. Sai na yi bayaninsa. Ba shi ne mai gari ba, ba shi ne liman ba, amma in rigimar iyakar gona ta tashi zaurensa ake zuwa, kuma in ya ce an gama, an gama. Shekara tara ina auren 'yarsa ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba, ban taɓa cin ko gyaɗa a gabansa ba. In na hango shi a hanya tun daga nesa nake tuɓe takalmi. Sunansa kuwa, ko wani mai irin sunan na haɗu da shi, sai dai in ce masa mai sunan Baba.

Na durƙusa a bakin zaure, na yi wa ƙasa tambayar. Ya dubi hular da ke kaina. Sannan ya ce, "Aikin da aka ba ka ke nan? To, Allah ya yi maka albarka, Allah ya taimake ka a kai."

Da na fito na jingina da babur na rubuta shi a dama, suna da sunan uba, yadda Alhaji ya ce. Na lallashi kaina cewa biro ba shi da suruki.

Alhaji Tanko ya karɓi littafin a shagonsa na hatsi, yana lasar yatsa yana buɗe shafi bayan shafi. Hagu fari tas kamar sabuwar riga.

"Malam, ko mutum ɗaya?"

"Alhaji, ni ma na yi mamaki. Amma abin da bincike ya nuna ke nan."

"To ina ya fi ƙarfi? Ina za mu kai Mai Gida?"

Da ina da hankali da na ce Doguwa, can nesa inda ba a san gidanmu ba. Amma ina so mutanen garinmu su gan ni ina gaisawa da gwamnan gobe. Na ce, "Ƙauyenmu, Alhaji. Can ko akuya ka tambaya tamu ce."

Ranar zaɓe aka taru a filin makarantar firamare, ƙarƙashin bishiyoyin darbejiya. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ayarin motocin Mai Gida ya iso, har da motar kamfen mai lasifika, da mai ɗaukar hoto ya rataya kyamara biyu a wuya. Alhaji Tanko ya gabatar da ni: "Ranka ya daɗe, wannan shi ne masanin namu." Mai Gida ya ba ni hannu mai laushi kamar burodi, ya ce ya ga aikina, ya ce irinmu ƙasa take buƙata. Na ce ai ba komai, kishin jiha ne. Na kuma roƙi alfarma a bar ni in riƙe hotonsa da kaina, aka bar ni.

Mai riƙe hoto a gaban layi yake tsayawa, ya ba jama'a baya. Na tsaya na ɗaga hoto sama da kaina, ina fuskantar Mai Gida da muƙarrabansa a inuwa. Can gefe, kamar taku ashirin, wani malamin makaranta ya ɗaga hoton Lauya. Har tausayinsa na ji. Malamin zaɓe ya busa usur.

Na ji ƙasa ta ɗauki takun ƙafafu a bayana. Tari, gyaran murya, jan takalmi, ƙarar sanduna. Na ƙi waiwayawa, don babban ma'aikaci ba ya leƙen abin da ya riga ya sani. Na yi wa Mai Gida murmushi. Bai rama ba. Mai hoto ya ɗaga kyamara, ya sauke, ya dubi Alhaji Tanko. Alhaji Tanko ya riƙa yi mini nuni da haɓa. Na ɗauka cewa yake in ƙara ɗaga hoton, na ƙara, har na yi ɗage a kan yatsun ƙafa.

Ya tako ya zo kusa da kunnena, da 'yar muryar nan tasa ya ce, "Masani. Juya."

Na juya. Mutum huɗu ne a bayana, kuma duk huɗun masu yi wa Alhaji dakon buhu ne. Layin Lauya kuwa ya miƙe ya wuce ajujuwa, ya zagaye rijiya, ya ɓace a bayan gonar makaranta. Babu fuskar da ban sani ba a ciki. Babu gidan da ban sha furarsa ba. Kowa ya sami abin kallo: wani yana duban farcen ƙafarsa, wani yana ƙirga ganyen darbejiya.

A nan mai hankali zai yi shiru ya bar abin ya wuce. Amma ni ina da aji biyar, kuma ina ganin fankar sakatariya tana tashi sama tana barina. Nan take ƙwaƙwalwata ta ba ni amsa: mutanen nan ba su yi boko ba, kuskuren layi suka yi. Na miƙa wa ɗaya daga cikin 'yan dakon hoton, na ruga motar kamfen na fizgo lasifika, na zaro littafi daga hammata.

"Jama'a! An yi kuskuren layi! Layinku ga shi nan! Duk wanda ya ji sunansa ya dawo inda ya yi alkawari!"

Malamin zaɓe ya ce, "Malam, doka ba ta..." Ban saurare shi ba. Na buɗe shafin ƙauyenmu na fara kira kamar yadda hedimasta yake yi mana da safe, kowane suna sau biyu.

"Audu Sale! Audu Sale!"

Audu ya noƙe a cikin layi.

"Audu, ina ganinka a bayan Ɗanlami! Ga sunanka nan da biro!"

Audu ya leƙo ya ce, "Na ji, Malam. Lafiya lau nake a nan."

Dariya ta tashi daga wajen rijiya. Na ƙara sauri. Gumi yana ɗiga a kan shafi, idona a kan layin rubutu, yatsana yana gangarawa, bakina yana harbawa ba tare da ya nemi shawarar kaina ba. Na kira na goma, na kira na ashirin, ba wanda ya motsa. Na kai ƙasan shafi, na cika ƙirji da iska, na kwarara suna na ƙarshe. Sau biyu.

Sai da muryata ta bugi bangon aji ta dawo mini sannan na ji abin da na faɗa.

(Kada ku jira in rubuta sunan a nan. Sau biyu a rayuwa ya isa.)

Sunan surukina ne. Tsirara, ba Malam, ba Baba, har da sunan mahaifinsa, a lasifikar da ake ji har bakin titi. Dariya ta ɗauke ɗif. Wani tsoho ya ce, "Innalillahi."

Daga can gaban layin Lauya aka ce, "Na'am."

Ya fito da sandarsa. Bai yi sauri ba, bai yi fushi ba, ya ratsa filin nan taku ɗaya-ɗaya, gari duka yana kallo, Mai Gida yana kallo. Ƙafafuna suka yi abin da suka saba, na zube a ƙasa na durƙusa. Sai dai na manta lasifika tana bakina, don haka duk mazaɓa ta ji ni ina cewa, "Baba, ina kwana, an tashi lafiya?"

"Lafiya lau," in ji shi. "Tashi ka karɓi hotonka. Shekara tara ban ji sunana a bakinka ba, har na ɗauka ba ka san shi ba. Yau ka kira, ai dole in amsa."

Wasu dattawa a layin Lauya suka fara motsi za su biyo shi, don sun saba inda ya sa ƙafa nan suke sawa. Ya juya ya ɗaga sanda.

"Kowa ya tsaya inda yake. Ni kaɗai nake da suruki a nan."

Ya zo ya tsaya a bayana, daf da ni, 'yan dako suka ja baya suka ba shi wuri. Mutumin da ban taɓa yarda inuwata ta taɓa tasa ba, ga numfashinsa a ƙeyata. Malamin zaɓe ya ƙirga layinmu kafin a ce kwabo, sannan ya tafi na Lauya, kuma doka ta ce ba mai barin layi sai an gama duka. Na tsaya a rana da hoto a sama, ina jin ƙirga tana nisa tana zagaya rijiya. Sau ɗaya kawai surukina ya yi magana, a hankali: "Ɗan nan, gyara hoton, ya karkace."

Mai Gida bai jira sakamako ba. Na ji ƙofofin mota suna rufuwa ɗaya bayan ɗaya. Mai hoto ne ya shiga ƙarshe, bai ɗauki ko ɗaya ba, Allah ya saka masa da alheri.

Da aka watse Alhaji Tanko ya miƙo hannu ya ce, "Makullin babur." Na ba shi. Na miƙa masa littafin ma, ya ce in riƙe, wai ko masu ƙosai ba za su karɓa su yi ƙunshi da shi ba tunda duk shafin an ɓata gefe guda.

Na ce, "Alhaji, to maganar sakatariya fa?"

Ya dube ni ta saman tabarau ya daɗe. "Malam, littafi guda ka cika mini da mutane. A cikinsu mutum ɗaya ka kawo layi, shi ma tausayi ne ya kawo shi."

Kafin magariba labari ya zo daga Badafi da Bebeji da Tudun Wada: layin Mai Gida ko'ina gajere. Tikitin dai bai samu ba.

Da ƙafa na koma gida, ta bayan gari. Mai ɗakina ta riga ta ji komai, don lasifika ba ta san katanga ba. Ta ajiye mini ruwa ta zauna nesa. A bakinta na fara jin cewa shekarun baya, lokacin da aka so ƙwace wa garin fadama, Lauya ne ya tsaya musu a kotu, kuma tun kafin a ba ni babur dattawa suka zauna a zauren babanta suka gama magana.

Na ce, "Kin sani, kika bar ni ina yawo?"

Ta ce, "Ka tambayi Kiru, ka tambayi Doguwa, ka tambayi Fulanin daji. Ni da nake kawo maka tuwo ka tambaye ni? Ko da yake, da wannan hular a kanka, ni ma da ban san abin da zan ce maka ba."

Kwana uku ban fita ba. A na huɗu kawuna ya sa ni gaba, da goro a ƙunshe, muka je ba da haƙuri. Kawu ya yi dogon jawabi a kan ƙuruciya da sharrin boko kaɗan, ni ina durƙushe ina kallon tabarma. Surukina ya saurara har ƙarshe.

"Ba komai, ya wuce," in ji shi. "Amma ɗan nan, ka zo zaurena da hoton mutum a goshinka, kana neman abin da za ka ciyar da jikokina. Me kake so in ce maka? In ce a'a?"

Na ce wa tabarma, "Baba, da ka ce."

"Da na ce, da ka rubuta?"

Kawu ya tura goro gaba, aka yi fatiha.

Akawu dai ban zama ba. Na koma teburina na bakin tasha, na yi shekaru ina rubuta wa mutane gaisuwa mai yawa da fatan alheri, wanda shi ne aikin da ya dace da ilimina tun farko. Surukina kuwa har Allah ya karɓi ransa bai sake tayar da maganar ba, sai dai duk ranar da na je gaisuwa na tarar da baƙi, yakan ce musu, "Ku matsa wa hedimasta."

Abin da na koya, kuma kyauta nake ba masu bincike na yanzu: mutumin ƙasarmu ba ya ce wa baƙon zaurensa a'a, don haka in kana son sanin inda zai tsaya, ka yi haƙuri har ya tsaya. Sannan duk abin da za ka karanta da lasifika, fara karanta shi a zuci tun daga sama har ƙasan shafi.